Zabirar Kakana a Cikin Gilashi

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya dire ni a gidan tarihi, kuma da tsakar rana. Ginin yana tafiya a hankali, sai da na ɗare shi yadda nake ɗare babbar mota ina matashi. Ruwan sama yana fita daga ƙasa yana hawa, don haka kowa ya riƙe lemarsa a ƙarƙashin ƙafa.

Ina shiga na hango ta: zabirar kakana Barmo, wanzamin garinmu, wadda Bature ya karɓe tun ban zo duniya ba. An wangale bakinta a cikin gilashi, aska da ƙaho duk a waje. Shi kuwa Barmo yana tsaye a gefenta, domin wanzami ba ya barin zabirarsa a buɗe ya tafi.

"Kai, ɗan nema, sai yanzu?" in ji shi. "Shekara casa'in ban zauna ba. Ko kabarina ban leƙa ba."

Na sa wani mai ziyara ya karanta mini takardar da aka liƙa. Wai: "Jakar boka. Ba a san mai ita ba."

Sai ga ni a ofishin Darakta. Hankaka ne, da tabarau, aljihunsa cike da cokulan mutane.

"Yallaɓai, na zo a rufe zabirar nan tsohona ya huta."

"Madalla! Ai yanzu mun canza, Malam Ɗantala. Muna jin ra'ayin masu kaya. Amma ba a taɓa ta sai da safar hannu."

"To, a ba ni."

"Safar ta tsufa, ta zama kayan tarihi. Tana cikin gilashi."

Na yi yawon duniya, na san ba a musu da mai ofis, dokarsa ake tambaya. Na ce, "Me kuke ajiyewa a nan?"

"Abin da ya daina aiki."

"In yana aiki fa?"

"Ba namu ba ne."

Wallahi da gudu na koma, na tuɓe hula, na durƙusa. "Tsoho, yi mini aski!"

"Wannan kan naka mai kama da goran nono?"

Ya miƙa hannu. Gilashin ya narke kamar man shanu a rana. Askar tana taɓa ƙeyata gidan ya ɗauka! Kalangu ya fara kiɗa, turmi ya shiga daka, wata garma ta fasa siminti tana noma. Masu ziyara suka yar da wayoyinsu suka hau layin aski.

Darakta ya sauko yana kaɗa fuka-fukai. "In kun tafi da zabirar, 'yan makaranta me za su gani?"

Maganarsa kuwa ba banza ba ce. Barmo ya ce, "Su zo ran Juma'a da sumarsu. Su gani, su ji a kansu. In na gama in rufe abata."

Ya goge askar a tafin hannu, ya mayar, ya ja igiya ya ɗaure bakin zabirar tam. Sannan ya lanƙwasa gwiwa, a hankali, a hankali, ya zauna. Gwiwoyin suka yi ƙara, gar-gar-gar, ƙarar tana ƙaruwa.

Ashe injin markaɗen maƙwabciyata ne aka tayar. Na shafa kaina, na ji suma tana nan, na sa takalmi na fita neman wanzami.