Kujerun Bikin Auta

Ni ban yi makaranta ba, amma ba a haifi wanda zai cuce ni a lissafi ba. Shekara talatin ina wanki da guga, hannuwan nan nawa sun zama kamar bayan kada, kuma ban taɓa kwana da sisin wani a wuyana ba. Shi ya sa da aka sa ranar bikin Auta, 'yata ta ƙarshe, na tara mutanen gida na ce musu bikin nan ba bashi a cikinsa. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Na samo gwangwanayen madara huɗu na jera a ƙarƙashin gado: na abinci, na ɗinki, na mota, na mai hoto. Duk ranar da aka biya ni sai in rarraba musu. Kujeru da rumfa kuwa ba su da gwangwani, don su da hannuna na biya.

Ga yadda aka yi. A bakin titinmu akwai mai ba da hayar kayan biki, kowa Dogo yake ce masa, ko da yake in ya miƙe tsaye da ƙyar yake wuce teburin shagonsa. Yana da kujerun roba, da rumfuna, da fararen rigunan nan da ake sa wa kujeru don su yi kyau. Duk Litinin rigunan suke dawowa daga biki, ga maiƙo, ga jan-baki, ga sawun yara. Muka yi magana da shi baki da baki: zan wanke masa su wata bakwai, ba abin da zai ba ni sai sabulu, shi kuma ranar bikin Auta zai kawo mini kujeru ɗari da rumfa biyu har ƙofar gida. Ya ce, "Iya, kin gama magana." Duk wankin da na kai, sai in yi ƙulli ɗaya a wata tsohuwar igiyar shanya. Ƙulli ashirin da takwas na yi.

Saura kwana biyar biki na leƙa shagon in ji ƙarfe nawa zai kawo kaya. Sai mutumin nan ya fara sosa ƙeya.

"Iya, akwai 'yar matsala."

"Faɗi, ina da aiki."

Wai wani ɗan kwangila ne zai aurar da ɗansa a wannan Asabar ɗin, yana son kujeru ɗari uku da rigunansu, kuma ya biya lakadan. Ɗari ukun nan su ke nan kujerun Dogo.

"Rumfa dai akwai," in ji shi. "Kujeru ki je wani wuri ki ɗauka. In wata ya mutu sai in biya ki kuɗin wankinki."

"In ɗauka da me? Da haƙorina?"

"Ki ranta mana, Iya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa."

"Nawa cikin abinci ne kawai a ciki, marar kunya!"

Har ya jawo wani littafi yana buɗe mini, wai in duba, ba inda aka rubuta sunana. Ni da ban san alif ba! Na tafi gida kaina na hayaƙi. Maigida ya ce in yi haƙuri, shi haƙuri ba ya ƙare masa tunda ba shi yake wankin ba. Auta ta ce, "Mama, a shimfiɗa tabarmi kawai." Na ce wata bakwai ban goge fatar hannuna don tabarma ba.

Washegari da sassafe na ɗauki igiyata na zauna a bakin ƙofar shagon, daidai inda ba mai shiga sai ya tsallake ni. Mai faci da mai gyaran waya, maƙwabtansa, suka matso. Na ɗaga igiyar na ƙirga musu ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

Dogo ya iso yana murmushin dole. "Iya, ina kwana? Rigunan ɗan kwangila fa, an gama guga?"

"Suna cikin ruwa. Duka ɗari ukun."

"Yaushe za su fito?"

"Oho. Tun jiya hannuna yake ciwo. Ka zo ka kwashe kayanka, ni ba ɓarauniya ba ce. Ka kai wa wani ya wanke ya goge kafin Asabar, in wata ya mutu sai ka biya shi."

Mai faci ya yi dariya har ya zauna a kan taya. "Dogo, yau ka taka wutsiyar damisa!"

Da ya ga mutane na taruwa sai ya sulale ta ƙofar baya, ni kuwa na bi shi. A bayan shagon akwai fili, kuma can jikin katanga ga kujeru an jibge su kamar tsauni, rana ta cinye launinsu, duk sun yi zane-zane.

"Waɗannan fa?"

"Tsofaffi ne, ba mai karɓarsu. In kina so ki kwasa."

"Ka ga na yi maka kama da bola?"

Na zaro ɗaya na zauna, na girgiza, na tashi na sake faɗawa da ƙarfi. Ko motsi ba ta yi ba. Muni ne kawai da ita, kuma muni ba ya kayar da mutum.

"Kai, zo nan. Rigunan nan naka har ƙasa suke sauka, ni nake goge su, na sani. Ka sa wa ɗari daga cikin waɗannan riga ka haɗa wa ɗan kwangila. Ni ka ba ni ɗari masu kyau, tsirara, ba na son riga."

Ya ƙifta ido. "In ya ɗaga rigar fa?"

"Wa ka taɓa gani ya je biki yana leƙa ƙarƙashin kujera? Abinci ake leƙawa."

Ya yarda. Amma na ce ba zan ɗauki alhakin kowa ba, kada surukar wani ta kife a gaban jama'a. Don haka sai da na zauna a kan kowace tsohuwar kujera da kaina, mai faci yana miƙo mini yana ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha ɗaya na ƙi. Kafin mu cika ɗari gwiwoyina sun daina jin magana. Da yamma ciwon hannuna ya warke, na hura gawayin guga.

Biki ya yi kyau, ba yabon kai ba. An ci an ƙoshi, Auta ta fito kamar farin wata, kuma ranar Lahadi na bi titinmu daga farko har ƙarshe ba wanda na sunkuyar wa da kai. Ɗan kwangila ma, na ji, har ya yaba wa Dogo.

Sai dai kujeru casa'in da takwas Dogo ya kawo mini. Sau biyu na ƙirga. Ni da maigida a tsaye muka yi bikin 'yarmu.

Ranar Litinin na shiga shagon na zaɓi biyu mafi sheƙi na ɗora a ka.

"Iya, ina za ki da su? Ai biki ya wuce!"

"Hayar yini guda na biya, kuma sai na ci abina."

Na ajiye su a ƙofar gida, na kira maigida na ce ya zauna. Muka zauna muna kallon masu wucewa. Wajen azahar ya ce bayansa ya gaji, zai shiga ya ɗan kishingiɗa.

Na ce, "Koma ka zauna. Sai magariba za a mayar."