Ɗigon Fa a Ƙasa

Da hantsi ne, hadari ya tsaya cak a gabas, bai zuba ba, bai kuma wuce ba, sai ga Barira, maƙwabciyar Buba, ta leƙo ta katanga.

"Buba, Malam na kira. Wai ka taho masa da hoton."

Mijinta, Malam Inuwa, tsohon masinja ne, ya shekara arba'in yana tara hotunan 'yan ƙwallon zamanin da, kowanne da sa hannun mai shi. A cikinsu babu kamar na marigayi Fannami, golan da ya taɓa tsare raga a Haɗeja. Bara da kogi ya cika, Malam ya ba Buba ajiyar wannan hoton, don ɗakin Buba ya fi tudu. Ruwan bai bar tudun ba. Hoto ya tsira, tawadar sa hannun ta narke. Buba ya kai wa wani mai rubuta allon shaguna ya sake zana sunan da ajami, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Buba ya tarar da Malam kwance, ƙafafu a kumbure, ɗakin sai warin man zafi.

"Baba, ya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Miƙo."

Malam ya kai hoton dab da ido. Ya daɗe yana dubawa.

"Matso in koya maka wani abu. Mai sa hannunsa da gudu yake yi, biro ba ya tsayawa. Mai kwaikwayo kuwa lallaɓawa yake, sai ka ga layin na rawa." Ya yi tari. "Dubi fa ɗin nan, harafin farkon sunan. Ina ɗigonta?"

"A sama, Baba."

"Fannami a tsangaya ya yi karatu, can Barno. A ƙasa suke sa ɗigon fa. Wannan hannun ɗan Islamiyya ne."

Buba ya durƙusa.

"Baba, wallahi ruwa ne ya..."

"Na sani. Da cuta ka yi niyya ai da ka nemo gwani. Wannan ko akuya ba zai ruɗa ba."

"Ka yafe mini."

"Shekara guda kana hango ni kana sauya lungu. Shi ya fi yi mini ciwo, ba tawada ba. Na yafe. Zauna mana."

Buba ya zauna. Malam ya shiga ba shi labarin wani fenariti da Fannami ya kama, murya na ƙara yin ƙasa, har ya bar labarin, ƙwallo na kan hanya. Kafin la'asar ya cika.

Suna dawowa daga maƙabarta ruwan ya sauko. Masu gaisuwa suka cunkushe a zaure, takalmansu a waje. Buba ya fita, ya dinga tsince su ƙafa-ƙafa yana jerawa a ƙarƙashin rumfa. Babu wanda ya waiwayo.