Dutsen Taimamar Alhaji Ɗalha

Tun da ɓarin jikin Alhaji Ɗalha ya shanye a gidansa na Jega, ga ciwon ƙirji, likita ya hana shi yawan taɓa ruwa, sai ya koma taimama. Babban ɗansa Magaji ne mai riƙe masa dutsen. Wani farin dutse ne mai sulɓi, Magajin da kansa ya tsinto shi a bakin gulbi. Saboda wannan aikin Magaji ya rage wuni a kasuwar albasa ta Aliero. Da an kira salla zai durƙusa, ya ɗora dutsen a tafinsa, ya kama mataccen hannun tsohon ya aza a kai. Magaji bai yi boko ba, bai kuma iya daɗin baki ba. Abin da yake da shi wurin ubansa ke nan, kuma kowa a gidan ya san aikin nasa ne.

Ana nan sai ƙanensa Zaharaddeen, malamin jami'a mai karatun duwatsu, ya dawo daga ƙasar Oman. Mata suka samu turare, yara suka samu dabino. Tsohon kuwa dutse aka miƙa masa, kore shar da ratsin baƙi kamar bayan maciji, santsinsa kamar sabulu.

"Baba, wanga ba daga bisa ƙasa ya hito ba," in ji Zaharaddeen. "Ƙasar da muke takawa ɓawo ce kawai. Ƙarƙashinta akwai wani dutse mai kauri, mai zahi, wanda babu rijiyar da ta taɓa kai gare shi. To, can cikin teku wani ɓangaren ƙasa kan nutse ƙarƙashin wani, shi tai da ruwa ƙasa. Nauyi shi matse ruwan, ruwan su shiga dutsen da ke bisa. Asalinshi ba kore haka ba ne, ba shi da wanga santsi. Zahi da ruwa da nauyi sunka juya shi, kana ƙasa ta turo shi bisa tsaunuka."

Tsohon ya daɗe yana shafa dutsen da hannun mai lafiya. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Ikon Allah. Magaji, daga yau da wanga zan riƙa taimama."

Farin dutsen aka mayar da shi tokaren ƙofa.

Duk wanda ya zo dubiya sai an nuna masa koren. Mahauta, direbobin tasha, dangi daga Jandutsi, kowa sai ya ji labarin teku da ƙasar da ke nutsewa. Tsohon da harshensa ya yi nauyi, a kan wannan labari sai bakinsa ya buɗe. "Zaharaddeen nawa ya kawo min," haka yake rufewa. Magaji na zaune a gefe, shi da ke juya shi, ya wanke shi, ya canza masa shimfiɗa, ko sau ɗaya bai ji an ce "Magaji nawa" ba. In ya ɗora dutsen nan a tafinsa sai ya ji kamar ya wurga shi masai.

Wata rana a kan hanyar Aliero wani abu ya faɗo masa. Ya taɓa ji a wurin karatu cewa ba a taimama da jan bulo, don an gasa shi, ya tashi daga asalinsa na ƙasa. Ya tsai da babur a gefen titi ya kira ƙanen.

"Kai Malam Boko, dutsen ga naka, ka ce zahi ya juya shi?"

"Haka ne, Yaya."

"Watau dahwa shi anka yi?"

Zaharaddeen ya yi dariya. "In kana so ka ce haka, kusan hakan ne."

Magaji ya kashe wayar. Bai tambayi kowa ba. Ya koma gida ya zauna gaban ubansa, ya ɓata fuska kamar mai kawo labarin mutuwa.

"Baba, dutsen ga dahwahwe ne. Mai shi ya hwaɗa min da bakinshi. Kuma ka san hukuncin abin da anka gasa."

Tsohon ya ce, "Sallolina?"

"Allah shi ne masani, Baba."

Ran nan farin dutse ya bar bakin ƙofa. Alhaji Ɗalha ya shiga ramuwar duk sallar da ya yi tun zuwan koren. Magaji ya ji daɗi, ba a ɓoye ba. Wuni guda hannun ubansa na cikin nasa, babu mai zancen teku.

Amma tsoho ne mara lafiya. Ya rage cin abinci don kada barci ya ɗauke shi. Yakan rikice a tsakiyar salla, ya sake daga farko, ya rikice, ya fashe da kuka. Ya ce wa Magaji, "In na mutu ban gama ba, mi zan ce?" Magaji ya ga ƙashin wuyan tsohon ya fito. Ya so ya ce wani abu, amma in ya buɗe baki koren zai dawo.

Ƙanwarsu Kubura, wadda ke dafa wa tsohon abinci, ita ta kira Zaharaddeen. Aka yanke a kai maganar can garin Maiyama, wurin Malam Abdulwahab, abokin karatun tsohon, wanda in ya faɗi abu Alhaji Ɗalha ba ya musu. Magaji da Zaharaddeen suka tafi a motar ƙanen.

Malam ya juya dutsen a hannu, ya saurari kowa. Ya dubi Zaharaddeen.

"Kai ka hura wutar?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Ko Larabawan can?"

"Tun ba a halicci mutum ba abin ya faru."

"To, Magaji, tukunyar wa ta kai can? Abin da ɗan Adam ya gasa da hannunshi shi anka hana. Wanda Ubangiji ya juya a cikin ƙasarshi, ƙasa ne. Sallar Ɗalha ta yi." Ya aje dutsen. "Wa ka tambaya kahin ka hwaɗa ma tsoho mai ciwo?"

Magaji ya dubi tabarma.

"Ni ina nan Maiyama, ban ƙaura ba," in ji Malam.

Da suka dawo, Zaharaddeen ya durƙusa ya gaya wa uban hukuncin. Tsohon ya rufe ido, ya sauke numfashi. Ya sa wa ƙaramin albarka, ya sake sa masa. Magaji kuwa, sau ɗaya tsohon ya dube shi, dogon kallo.

Aka kira la'asar. Magaji ya durƙusa yadda ya saba, ya miƙa hannu.

"Bari," in ji tsohon. "Kubura, zo ki riƙa min."

Kubura ta tsaya da ludayi a hannu. "Baba, ai Yaya na nan."

"Na gan shi. Ɗauko koren."

Ta aje ludayin ta zo. Ba ta iya kama hannun ba, sai da ya zame mata sau biyu. Magaji ya san yadda ake tallafe gwiwar hannun, amma ba a tambaye shi ba. Ya tashi ya fita zaure. Daga can yana jin Zaharaddeen na nuna mata inda za ta riƙe.