Inda Kuka Ta Hau Dutse

Tun kafin su kai gaɓar tsibirin, Sualehe ya gane akwai magana. Ba dubawa ya yi da gangan ba, ido ne ya saba. Masuncin wajensu ba ya riƙe wuri da taku. Abu biyu yake jerawa a ido ta nan, ya jera wasu biyu ta can, inda suka haɗu nan ne wurin. Da haka suke gane ramin kifi a tsakiyar teku, da haka kuma ya riƙe kabarin mahaifiyarsu ranar da ya binne ta: kuka ta hau kan tsagar dutsen nan da ya miƙa hanci cikin ruwa, kusurwar tsohon masallaci kuma ta rufe doguwar bishiyar kwakwa. To yanzu ga kuka a kan tsaga, ga masallaci ya rufe kwakwa, shi kuwa yana zaune cikin kwale-kwale, ruwan da ke ƙarƙashinsa zai shanye mutum a tsaye. Teku ta cinye wurin. Ya ƙara wa inji wuta suka wuce.

Yayarsa Ancha tana gaba, ta rungume jarkar ruwan daɗi kamar jaririya. Daga birnin Nampula ta taso saboda wannan jarkar. Lokacin da Mama ta rasu hanya a rufe take, labari ma sai da aka yi arba'in ya iske ta. Daga baya gwamnati ta mai da tsibirin gandu, ba kamun kifi, ba kwana, shiga sai da izini. A al'adarsu kuwa, 'yar da ba ta zuba wa uwarta ruwan daɗi, wanda ba na gishiri ba, a kabari ba, ba ta gama bankwana da ita ba. Ancha ta tsufa da abin a ranta. Ko a buki aka ambaci uwa, sai ta ajiye cokali.

"Kai, rage gudun nan," in ji ta. "So kake ka zubar da ni kafin in zuba ruwan?"

"Zauna da kyau, Yaya. Birni ya lalata ki."

"Birnin da ya hana ni warin kifi? Na gode masa."

A bakin rairayi Abudo mai gadin gandun ya tarye su, abokin wasan Sualehe ne tun suna tsallen tsirara a wannan gaɓar. Aikinsa yanzu tsaron ramukan ƙwan kunkuru, kuma kaɗaici ya mai da shi sarkin surutu. Ya gaida Ancha har ƙasa, ya juya kan Sualehe.

"Tsohon ɓarawon kifi, yau da takarda aka zo? Lallai duniya ta gyaru. Amma fa wajen dutsen nan ba kamar yadda kuka sani ba ne, ruwa ya..."

"Kunkurunka nawa suka haihu bana?" Sualehe ya tare shi.

Abudo ya dube shi, ya dubi jarkar, ya fahimta. Ya ce da yawa, Alhamdulillahi, su dai kula kada su taka inda ya kafa sanduna.

Suka bi rairayin. Fari ne fat, ba sawun kowa sai na ƙaguwa. Garin da aka haife su ya koma ciyawa da kututturan kwakwa. Mama ce ta ƙarshe da ta rage a nan, ta ce ba mai fitar da ita daga ɗakinta sai mai wanka, kuma haka aka yi. Shi ya sa aka binne ta a bayan ɗakin, ita kaɗai, kusa da ruwa. Sualehe ya riƙa zuwa a shekarun farko, sannan neman izini ya gundure shi, ya ce ai kabari ba ya tafiya ko'ina.

Ancha tana tafe tana haki, ta ƙi ba shi jarkar. Shi kuma yana tafe yana lissafi. Gwiwarta ba za ta sake hawa kwale-kwale ba, wannan kowa ya sani. In ya faɗa mata, da abin za ta koma Nampula, da shi za ta mutu. Tausayinta ya kama shi, da kuma tsoron bakinta, don ba zai ce tausayi ne kaɗai ba.

A gindin dutsen akwai wani ɗan fili mai inuwa, ƙasar ta ɗan tasa. Ya tsaya ya nuna da haɓa.

"Nan ne."

"Ka tabbata?"

"Ni na haƙa, Yaya."

Ta cire takalmi, ta gyara zani, ta durƙusa da ƙyar. Ta tsince busassun ganye da hannu, ta share wurin tas. Ta yi sallama, ta karanta abin da ta iya, sannan ta buɗe jarkar ta bi tudun daga kai zuwa ƙafa a hankali. Rairayi ya sha ruwan nan take. Ta yi kuka sosai, irin na wanda ya daɗe da ajiye shi. Sualehe ya ɗaga hannu yana cewa amin, idonsa yana kan teku.

Da ta gama sai ga ta wata iri, sakayau. Ta kwance ƙullin rogo da soyayyen kifi suka ci a inuwa, har ta aika wa Abudo da rabonsa. Ta ba da labarin ranar da Mama ta bi wani mai sayen kifi da muciya saboda ya taɓa mata ma'auni. Ta yi dariya har da tari.

Da ruwa ya fara cikowa suka kama hanyar gida. Ya yi niyyar ya zagaye wurin ta nesa, amma mashigar ɗaya ce tsakanin duwatsun ƙarƙashin ruwa. Kuka ta matso ta hau tsaga. Masallaci ya rufe kwakwa. Mutumin wajensu ba ya wuce kabari da gudu, kuma hannun Sualehe bai yi shawara da shi ba, ya kashe inji. Cikin shirun da ya biyo baya bakinsa ya yi sallama, a hankali, amma ba a hankalin da zai wuce kunnen Ancha ba.

"Wa kake wa sallama?"

Ta bi idonsa zuwa dutsen, ta juya ta dubi masallacin. Uba ɗaya ya koya musu jera alama, ita ma kafin shi. Ta daɗe tana kallo, kwale-kwalen yana lilo da su.

"Da safe ma ta nan muka bi," in ji ta.

"Ta nan."

"Ka gani tun lokacin."

"Na gani."

Ta ɗaga jarkar ta girgiza, ko ɗigo babu. Ya jira zagin, ya ma fi son a zage shi. Ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye jarkar, ta ja jiki zuwa gefen kwale-kwalen, ta naɗe hannun riga ta tsoma hannunta har gwiwar hannu, iyakar inda zai kai.

"Mama, ni ce Ancha," ta ce. "Na zo. Ban kawo miki komai ba."