Kular da Mama Ta Kai Asibiti

Kwandasta ya miƙo hannu zai karɓi kular ya saka a bayan mota, Mama ta ƙanƙame ta a cinya ta ce kada wanda ya taɓa mata. Matan da ta tattaro suka cika kujerun baya suna ƙunshe dariya. Akwai mai kitso, akwai matar direba, har da Goggo, ƙanwar mijin Mama, wadda ta ɗaure fuska tun daga gida.

Fitsari ne a cikin kular, na farkon safiya, kowace mace da 'yar kwalbarta a cikin ƙanƙara.

Autar Mama ce ke aiki a ɗakin gwaje-gwajen babban asibiti. Shekara da shekaru idan aka tambayi Mama aikin yarinyar, sai ta ce ai tana asibiti, ta ci gaba da taka kekenta na ɗinki. Goggo ce ta laƙaba wa Auta "likitar fitsari", sunan kuwa ya bi ta har gidan biki.

Makon jiya Auta ta shigo shago jiki a sanyaye. Ta ce za a rufe bincikenta a miƙa na'urar ga wani sashe, domin matan da al'ada ta ɗauke musu sun ƙi zuwa, kunya suke ji. Mama ta tsayar da keke ta ce a yi mata bayani yadda za ta gane. Auta ta ce akwai sinadarin da ke tafiyar da jikin mace, isturojin, idan jiki ya gama sarrafa shi ɓurɓushinsa na fita a fitsari. Shi take aunawa, ko za a gano abin da ya sa ciwon dajin mama ke kama wata ya bar wata.

Mama ta ajiye ɗinkin hannunta. Wannan ciwon ne ya ɗauke yayarta. Washegari ta rufe shago ta bi gida gida, duk wadda ta noƙe sai ta ce mata ita ce ta farko a layi, da furfurarta.

A asibiti wata nas ta yi wa matan bayani ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta amince, sannan aka karɓi kular. Ta gilashin ƙofa Mama ta hango Auta cikin farar riga da safar hannu, tana nuna wa wasu magidanta biyu abu a jikin na'ura, suna gyaɗa kai. Ba ta taɓa jin muryar yarinyar a haka ba, a nutse, ba rawa.

Goggo ta matso har goshinta na taɓa gilashi. Ta daɗe tana kallo kafin ta tambaya a hankali ko duk waɗannan a ƙarƙashin Auta suke. Mama ba ta sani ba, amma ta ce e.

Da Auta ta fito, Mama ta ja ta gefe ta rage murya.

"Ki fara da nawa, kin ji? In ga yadda yake fitowa."

"Ba zai yiwu ba, Mama. An cire sunaye an sa lamba. Ni kaina ban san wanne ne naki ba."

"Ko ni da na haife ki?"

"Ko ke."

Mama ta dube ta tun daga sama har ƙasa, ta gyara mata wuyar rigar da ya lanƙwashe. Ta koma benci wajen matan, ta zauna tana fifita da gefen mayafi. Mai kitso ta tambaye ta me aka ce.

"Babu alfarma a wurin nan," in ji Mama, da ƙarfi yadda har masu jiran magani a can gefe suka waiwayo. "Ni uwarta, yanzun nan ta hana ni."