Ja da Ratsin Fari

Darlene ce ta matsa wa mahaifinta, tsoho Elwood Faulkingham, sai sun yi 'yan kwanaki suna bin gaɓar tekun jihar Maine ta Amurka a mota, wai ya sha iska kafin lokacin zuba tarkon lobsta, wata irin ƙaguwar teku da yake kamawa. Shi ba mai son yawo ba ne. Tun da zuciyarsa ta kwantar da shi bara, 'ya'yansa ke roƙonsa ya bar teku, shi kuwa ya ce sai dai a ciro gawarsa daga jirginsa. Amma tafiyar ta yi masa daɗi, har da waƙa a mota. Kowane ƙauye sai sun tsaya, ya leƙa tashar jiragen ruwa ya kushe jiragen mutane.

A hanyar dawowa garinsu Jonesport suka tsaya wani shagon tsaraba kusa da Camden. Jikin bangon duk an rataye gorunan da masunta ke ɗaura wa tarko don alama a kan ruwa, baƙi na saye su ƙawata gida. A gaɓar nan kowane masunci da launinsa, ko ɗan'uwanka bai isa ya shafa naka ba. Elwood ya tsaya cak. Ga ja da ratsin fari, jeri guda, fentin hannunsa ne, ko bushewa sosai bai yi ba.

"Baba, zo mu tafi, rana na yi," in ji Darlene.

Mai shagon ta fito da fara'arta. "Sababbi ne, shekaranjiya wani ya kawo daga Jonesport. Kayan babansa ne, har jirgin ya rabu da shi. Ban tambaya ba, amma ka san ba a sakin launin mutum yana raye. Allah ya ji ƙansa."

Elwood ya juya ya dubi 'yarsa. Ashe an janye shi daga gida ne don ɗansa Wendell ya samu sararin kwashe komai. Baƙin cikinsa ba na jirgin kaɗai ba ne.

"Baba, likita ne ya ce..."

"Da bakinki aka yi?"

Ta sunkuyar da kai.

Mai shagon ta dube su. "Au, kun san marigayin ne?"

"Na san shi," in ji Elwood. "'Ya'yansa ne ban sani ba."