Tabarau na Dole

Shekarar da fari ya kwashe shanun Dikko, ko maraƙi bai bar masa ba, sai ya jingine sanda ya koyi tuƙi a kamyon Alhaji Nomau na Agiye, mai kai hatsin taimako ƙauyuka. Da hannunsa ya faɗa ya tafi Maradi neman farmi, wato lasin tuƙi. Aka ce kafin farmi ya fito za a ba shi takardar wucin gadi, amma sai lokotoro ya duba idonsa.

Lokotoro ya tsayar da shi gaban allo, ya nuna wani harafi mai girman ƙwarya.

"Wannan mi ne?"

Dikko har ƙudan da ke yawo bisa harafin yana gani. Sai dai bai taɓa shiga lakol ba balle ya san karatu, kuma ɗan Fulani ba ya buɗe baki gaban baƙo ya ce bai sani ba. Ya sunkuyar da kai.

"Ko wannan ba ka gani? Ashsha!"

Aka rubuta a takardar cewa kada ya tuƙa sai da tabarau, aka miƙo masa wani mai kaurin gindin kwalba. Yana sawa, duniya ta koma kunu. Alhaji kuwa ya riga ya gaya masa, ranar da aka karɓe takardar nan, ranar zai ajiye makulli. Saboda haka a daji tabarau na aljihu, sai an doshi shingen jandarma yake hawa hanci.

Ran nan aka loda masa dawa zuwa wata ruga bayan Gazawa, inda danginsa suka yi sati ba su dafa komai ba sai anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci. Ƙanen babansa, Bappa Jaye, na zaune gefensa. Suna hango shingen jandarma, Dikko ya sa tabarau.

"Bappa, ina hanya?"

"Yi dama. Kai, hannun cin tuwo! Tsaya! Hoo, Dikko, hoo!"

Kamyo ba saniya ba ne. Ya ture duron da aka tare hanya da shi, duro ya gangara ya kifar da butar shayin jandarma Labo.

"Kai makaho ne?" in ji Labo.

"A'a, shef, doka nike bi."

Labo ya fizge takardar. Ya kai ta nesa, ya kawo ta kusa, ya kanne ido ɗaya. Can ya ce, "Miƙo min abin nan na fuskarka."

Labo ya sa, ya sake duban takardar.

"Ikon Allah! Ashe takardun nan har da ƙananan rubutu? Shekara biyar tambari kawai nike dubawa."

Ya karanta ta tsaf, baki na motsi, sannan ya ɗago.

"An ce ba ka tuƙi sai da tabarau. Ina naka?"

"Ga shi a hancinka, shef."

Labo ya dafe tabarau da hannu biyu. Ya yi tunani, ya laluba aljihu, ya zaro baƙin tabaransa na rana.

"Sa wannan. Mi kake gani?"

"Can bayan gawon nan akwai akuya mai ɗingishi tana cin wani wando a igiyar shanya."

"Wandona!"

Ya cusa wa Dikko takardarsa, ya zura da gudu.

Dikko ya tada mota, baƙin tabarau a hanci, ya leƙa sama.

"Bappa, ba mu tsaya mu yi magariba?"

"Tuƙa dai, ɗana. Ko azahar ba ta yi ba."